Kafin Ki Zuba Kuɗin Adashenki A Talabijin Ɗin Bango

A wannan wata za mu bar kicin ya huta mu leƙa falo, saboda wani abu da ya faru a gidan wata yayata da ke aure a Mabera, cikin birnin Sakkwato, wanda na tabbata ba ita kaɗai ya taɓa samu ba.

Yayar tawa ta shekara guda cur tana zubin adashe da kuɗin ɗinkin da take yi a gida, burinta kawai ta sauke tsohon talabijin mai ƙusumbin nan da aka kai ta ɗaki da shi, ta rataya na bango irin wanda muke kira filasma. Ranar da ta kwasa sai ta nufi wani shago a cikin gari, inda ta tarar da wani ƙaton mai inci 55 yana nuna kifaye masu launi suna yawo a ruwa, hoto tar kamar ka miƙa hannu ka kamo. Ba ta tsaya dogon ciniki ba ta biya.

Da aka kai gida aka haɗa shi da tsohuwar risibarta, sai fuskokin 'yan wasa suka fito dishi-dishi kamar an shafa wa gilashin man gyaɗa. Ta kira ni a waya rai a ɓace tana cewa, "Ke ƙanwata, anya ba musanya mini shi aka yi a kwali ba?" Babu wanda ya musanya mata komai. Bayan haka ta gano batir ɗin solarta ba ya kai su ko tsakiyar dare idan an kunna shi tare da fanka. Wata uku ba su cika ba, wani dare ƙaramin janareto ya yi tari saboda mai ya ƙare, talabijin ya yi ɗif, bai sake tashi ba. Da aka ɗauko rasit, babu lambar talabijin a jiki balle maganar garanti.

Talabijin ɗin ba shi da laifi. Matsalar ita ce an saye shi don shago, ba don gidan da zai zauna ba. Don haka kafin ki sa mayafi ki fita, akwai tambayoyi uku da a gida ake amsa su: daga ina hoton zai riƙa fitowa, yaya girman falonki yake, sannan wace irin wuta kike da ita.

Mene ne HD ɗin ma tukuna?

Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne ƙanana aka jera, kamar yadda zare ke haɗuwa ya zama ƙyalle. Kin san bambancin shadda mai saƙa a matse da wadda ake hango rana ta cikinta. To haka abin yake, yawan ɗigon shi ke sa hoto ya yi laushi ya fito sarai.

Hoton da muka saba da shi a tsohon talabijin yana da ɗigo kusan 400,000 ne. Wanda aka rubuta wa HD kawai, ko aka sa lamba 720, yana da kusan miliyan 1. Mai lamba 1080, wato cikakken HD, yana da miliyan 2 da 'yan kai. Shi kuwa 4K, wanda wasu kamfanoni ke rubuta wa UHD, ya haura miliyan 8. Idan mai shago ya fara yi miki ruwan Turanci, ki ce masa kawai ya nuna miki lambar a jikin kwali: 720 ne, 1080 ne, ko 2160, wanda shi ne 4K.

Sannan sunan filasma da muke faɗa ya zama na baki ne kawai. Manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera filasma ta ainihi tun 2014. Abin da ya cika kasuwa yanzu LED ne, wanda ya fi rashin nauyi, ya fi ƙarancin zafi da cin wuta. Idan aka nuna miki filasma ta gaske, to tsohon kaya ne komai ƙyallinsa. Akwai kuma OLED mai tsadar gaske, wanda kyawunsa ya fi fitowa a ɗaki mai duhu. Ga falon da ake buɗe ƙofa da taga saboda zafi, LED mai haske ya wadatar.

Tambaya ta farko: daga ina hoton zai fito?

Nan ne yayata ta faɗi. Talabijin ba ya ƙirƙirar hoto, abin da aka ba shi ne yake faɗaɗawa. Kifayen da ta gani a shago faifai ne na musamman da kamfani ya shirya don talla, kuma an ƙure wa talabijin ɗin haske da launi. Idan kika ba mai inci 55 hoton tasha mai ɗigo 400,000, sai ya baza shi a kan ɗigo miliyan 8, kamar a dama kunun mutum biyu a ƙara ruwa don ya ishi mutum goma.

Don haka ki zauna ki lissafa abin da gidanki ke kallo da gaske. Idan NTA da talabijin ɗin Rima ne, da tashoshin kyauta na kan dish irin su AREWA24 da ta fara aiki a 2014, da tashoshin karatu, ki sani cewa da yawa daga tashoshin kyauta ba sa aiko da hoto mai ɗigo da yawa. Mai 720 ko 1080 matsakaici zai nuna su da kyau fiye da ƙaton 4K. Idan kuwa maigida na biyan DStv don ƙwallo, ko ana kallon finafinai ta intanet, to nan ne cikakken HD zai nuna amfaninsa.

Ki duba risiba ko dikodarki. Idan babu rubutun HD a jikinta, ko babu ramin HDMI a bayanta, sai an canza ta. Wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, ba ta ɗaukar hoton HD ko da talabijin na miliyan nawa ne. Wayar HDMI ce za ta yi, kuma mai sauƙin kuɗi ma tana aiki, kada a ɗora miki mai tsada da sunan ta fi fito da launi.

A jikin talabijin ɗin ki tabbata akwai ramin HDMI aƙalla biyu, da ramin USB na sa filash, da kuma ramin tsohuwar wayar nan idan har yanzu kina da na'urar faifai. Haka kuma ki nemi rubutun DVB-T2 a kwali, domin shi ne tsarin da Nijeriya ta zaɓa na watsa shirye-shiryen dijital ta eriya, wanda aka fara gwadawa a Jos a 2016.

Tambaya ta biyu: girman falo

Ana auna talabijin ne daga kusurwa zuwa kusurwa, wato a karkace, ban da bakin roba. Mai inci 32 faɗinsa kusan santimita 71 ne, mai inci 43 kusan 95, mai inci 55 kuwa kusan 122. Ki ɗauki tef ɗin ɗinki ki auna bangon da za a rataya shi, sannan ki auna daga bangon zuwa kujerar da aka fi zama.

Ƙa'ida mai sauƙi ita ce tazarar ta kasance ninki ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi na girman talabijin. Mai inci 32 yana son mita 1.2 zuwa 2. Mai inci 43 yana son mita 1.6 zuwa 2.7. Mai inci 55 yana son mita 2 zuwa 3 da rabi. Idan tashoshinki ba na HD ba ne, ki riƙe lamba ta sama, domin matsowa kusa shi ke tona asirin hoto.

Gidajen haya da yawa a Mabera ciki da falo ne, kuma idan aka jera kujeru da tebur abin da ya rage a tsakiya ba shi da yawa. Ki tuna kuma yara a ƙasa suke zama, sun fi kowa kusa. A irin wannan falo, inci 32 ko 43 shi ne daidai ruwa daidai tsaki. A ƙaramin talabijin ma ido ba ya iya bambance 1080 da 4K daga kan kujera, don haka kuɗin da za ki ƙara saboda 4K ɗin kyauta kika yi wa mai shago.

Wannan magana ta fi shafar iyaye mata masu haɗa kayan ɗaki. Kafin ki saya wa 'yarki, ki tura a auno ɗakin da ango ya tanada. Sau nawa aka je jere aka tarar talabijin ya rufe taga, ko an rasa bangon da zai ɗauke shi? Girman da aka sa wa 'yar maƙwabciya an yi shi ne don ɗakin 'yar maƙwabciya.

Tambaya ta uku: wuta

A bayan kowane talabijin akwai 'yar takarda mai nuna wutar da yake ci, da lamba da harafin W, wato wat. Ki sa a juya miki shi ki karanta. A ƙiyasi, LED mai inci 32 yana cin wat 30 zuwa 50, mai inci 55 kuwa yakan kai 100 ko ya wuce.

Mu yi lissafin kicin. Mai wat 40 idan yana aiki awa 5 kullum, zai ci yunit 6 a wata. Mai wat 120 zai ci yunit 18. Ga mai mitar kati wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ganin a watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, duk da cewa ba kowane layi ke cikin wannan rukuni ba.

Ga mai sola lissafin ya fi zafi. Batir mai bolt 12 da lamba 100 yana ɗaukar wat 1,200 na awa guda, amma idan irin na ruwa ko na jel ne, rabi kawai ake so a sha don kada ya mutu da wuri. Wato 600 ke nan. Ƙaramin talabijin zai yi sama da awa 10 a kai, ƙaton kuwa da ƙyar zai cika awa 5, kafin a sa fanka da ƙwan fitila da cajin waya. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, kowa ya san idan aka zo zaɓi tsakanin fanka da talabijin wa zai ci. Akwai kuma talabijin masu aiki kai tsaye da batir mai bolt 12 ba sai da inbata ba. Idan sola ce ginshiƙin gidanki, ki tambaya a nuna miki su.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kunna janareto don kallo ya zama abin da ake lissafi a kai. Ko wace wuta kike amfani da ita, kada ki bar shago ba tare da abin kariya ba: sitabilaiza, ko ƙaramar na'urar nan ta soket mai yanke wuta idan ta yi yawa ko ta yi ƙasa, ta kuma jinkirta 'yan mintuna kafin ta saki. Ki cire kuɗinta daga kasafin tun farko, tare da kuɗin ƙarfen ratayewa da wayar HDMI da ladan mai haɗawa. Gara ki rage inci goma ki sayi kariya. A koya wa yara su kashe talabijin kafin a tayar da janareto ko a kashe shi. Da damina kuma idan hadari ya haɗu ana tsawa, a zare filogi, a zare wayar dish ita ma, domin ta nan ma wutar tsawa ke shiga.

Mai shiga intanet ko na gargajiya?

Yawancin manyan talabijin yanzu irin waɗanda 'yan kasuwa ke kira simat ne, masu buɗe YouTube da makamantansa. Abu ne mai daɗi ga mai bin shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina, amma yana da kuɗinsa. Kamfanin Netflix ya ƙiyasta kallon HD na awa ɗaya zai iya cin data har giga 3, na 4K kuwa har giga 7. Idan da datar wayarki za a riƙa haɗawa, sai ki shiga saiti ki rage ingancin hoton, wanda ke nufin kin koma inda kika baro.

Na biyu, kin buɗe wa falonki ƙofar da ba ta da labule. Tasha tana da jadawali, intanet kuwa ba shi da shi, bidiyo ɗaya ke jawo wani. Kafin mai haɗawa ya tafi ki sa ya nuna miki yadda ake sa lambar sirri, ki zaɓi lambar da kanki bayan ya fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allon kallo, masu shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a yini. Talabijin ya zauna a falo inda idonki ke kai, ba a ɗakin yara ba.

Idan kina shakka, ki sayi wanda ba simat ba mai kyau. Duk ranar da buƙata ta taso akwai ƙaramin akwatin intanet da ake soka wa a ramin HDMI ya yi aikin.

Ranar zuwa kasuwa

Ko Babbar Kasuwar Sakkwato kika nufa, ko shagunan titin Emir Yahaya da na Ahmadu Bello, ki zaga wuri uku kafin ki ciro kuɗi. Tun da darajar naira ta faɗi daga watan Yunin 2023 farashin kayan wuta ba ya zama wuri ɗaya, don haka kuɗin da ƙawarki ta saya bara ba ma'auni ba ne. Idan maigida ne zai je, ki rubuta masa awon falo da sauran bayanai a takarda cikin lalama, domin maza idan suka ga ƙwallo a ƙaton gilashi mantawa suke yi da lissafi.

Ki tafi da filash mai ɗauke da fim ɗin Hausa irin wanda kuke kallo, ki ce a sa miki shi. A kwance ainihin wanda za ki tafi da shi, ba na kan kanta ba. A nuna miki farin hoto zalla da baƙi zalla, ki matso ki duba ko akwai ɗigon da ya maƙale da launi ɗaya, ko layi, ko wani gefe da ya fi haske. Ki koma gefe ki kalla, domin ba kowa ke samun kujerar tsakiya ba. A ƙure sauti ki ji ko yana kakkarwa. Siraran talabijin ba su cika ƙarfin murya ba, ga kuma ƙarar fanka, ga tsofaffi a gida.

Sunaye irin su LG da Samsung da Hisense da TCL sanannu ne, kuma saninsu ne ya sa ake yin jabunsu. Ki lura da sunan da ke fitowa lokacin da aka kunna, a shiga saiti a nuna miki lambar samfurin, ki gwada ta da wadda ke bayan talabijin da ta jikin kwali. Dukkansu su zo ɗaya. Ki auna gilashin da tef ɗinki, domin akan rubuta 43 a kwalin da abin cikinsa bai kai ba. Araha mai yawa ita kanta alama ce.

A rasit a rubuta sunan shago, kwanan wata, samfuri, lambar talabijin da tsawon garanti, a buga hatimi. Ki tambaya idan ya lalace ina ake kaiwa, a nan Sakkwato ko sai an tura Kano ko Kaduna, kuma wa zai biya kuɗin mota. Ki adana rasit da katin garanti da kwalin. Idan rigima ta taso, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, amma ko ita hujja za ta nema.

Na hannu kuwa, wato tokumbo, akwai masu kyau a ciki, sai dai ba garanti. Ki je da mai gyaran da kika yarda da shi, a bar talabijin a kunne kamar rabin awa. Ki guji wanda aka yi don Amurka idan an rubuta bolt 110 ko 120 kaɗai a bayansa, domin wutarmu 230 ce.

Daga shago zuwa bango

Kada a ɗora shi a bayan ɗan kabu-kabu, kada kuma a kwantar da shi. A tsaye ake ɗaukarsa cikin kwalinsa, a mota ko keke Napep, wani na riƙe da shi, musamman da damina da wasu lungunan Mabera ke cika da ruwa da ramuka. Garanti ba ya biyan fashewar gilashi, kuma canjin gilashin ya kusa kuɗin sabo.

A rataya shi daidai idon wanda ke zaune, ba can kusa da silin ba, kuma kada ya fuskanci taga. A tabbata ƙusoshin sun shiga bulo, ba filasta kaɗai ba. Idan a kan tebur zai zauna, a ɗaure shi da bango saboda masu rarrafe da masu koyon tafiya. A bar masa kamar santimita 10 ta kowane gefe ya sha iska, domin littattafan kamfanoni da yawa sun tsayar da iyakar zafin da zai yi aiki a ciki a digiri 40. Leshin da muke lulluɓa masa saboda ƙurar hunturu yana da amfani idan a kashe yake, amma a yaye shi gaba ɗaya kafin a kunna. Wajen goga kuwa tsumma mai laushi busasshe ya isa, ban da ruwa, ban da omo, ban da danna gilashi.

Ita dai yayata mai gyara ya canza mata allon wutar, ta sayar da ƙaton da asara, ta sayi mai inci 32 da sabuwar risiba da na'urar kariya. Yanzu batir ɗinta na kai su asuba da fanka, kuma hoton ya fi wancan fita. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma nagari a nan shi ne wanda ya dace da falonki da wutarki da aljihunki.

Uwargida, ki ajiye wannan shafi tare da tef ɗin awo har ranar kwasa. Allah Ya sa albarka a abin da aka tara, Ya sa a mora lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.